Gonar Mma ta Bakin Fadama

Kanvili, Tamale
Watan Yuli, 1958

Zuwa ga Yaya Masahudu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kai da iyali kuna lafiya a Sekondi, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan sai godiya, damina ta zauna, ƙafar tsohuwarmu Mma ma ta yi sauƙi.

Yaya, ka kwantar da hankalinka, gonar shinkafar Mma ta tsira. Ka san sabuwar gwamnati ta killace fadamar nan don kada ruwan gari ya ƙafe, har safiyo suka kafa turaku. Mai kula da aikin, Mista Tetteh, mutumin kudu ne mai kirki. Ya tara jama'a a gindin ɗorawa, ya ce duk gonar da aka faɗi sunan mai ita za a bar masa. Sai dai maza kaɗai aka kira, alhali gonakin bakin ruwa duk na mata ne. Da ya nuna ta Mma ya tambayi sunan mai ita, Yaya Imoru ya sunkuyar da kai, domin wa zai kama sunan mahaifiyarsa a bainar jama'a? Sauran ma haka suka yi kan na matansu da surukansu. Shi kuwa baƙo, idonsa buɗe amma bai ga gari ba, ya ɗauka gonakin ba su da masu su.

Na ji haushi ƙwarai, na ce wa Imoru kunyarsa za ta kwanar da mu da yunwa. Ranar da aka dawo zama na biyu sai ga Mma da fartanya a kafaɗa, tsofaffin unguwa na biye da ita. Ta ce wa Mista Tetteh ’ya'yanta ba bebaye ba ne, tarbiyya ce ta ɗaure musu baki, don haka ta zo ta faɗa da kanta. Ta faɗi sunanta da ƙarfi, mazan nan duk suka kau da kai. Mutumin ya ba da haƙuri, aka matsar da turakun, bisa sharaɗin ba za a sare itace ko a ƙara shiga cikin ruwa ba. Wallahi sai da na yi hawaye.

Ka gaida Barikisu da yara, da Kawu Moro. Imoru yana gaisuwa, har yanzu ba ya iya haɗa ido da ni. Yanzu dai gwamnatin Ghana ta san sunan Mma, amma ka duba wasiƙar nan da kyau, ni ma ban iya rubuta shi ba.

Ƙanwarka,
Rakiyatu