Na Ɓoye Takardar Falmata, Sannan Na Je Ta Yafe Mini

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. A sakaya sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine mini, ni ma na gaji da tsine wa kaina.

Babana ma'aikaci ne, aka yi masa canji zuwa Diffa ina shekara tara. Ba na jin Barbarci, ban san kowa ba, sai Falmata ta ja ni jiki. 'Yar manoman tattasai ce daga wani gari a bakin kogin Kumadugu. Tabarma ɗaya, kwano ɗaya, tun lakkwal, wato firamare, har muka ci bak, jarrabawar gama sakandare. Mutane na cewa ranmu ɗaya ne aka raba wa jiki biyu. Ni kuwa a zuciyata haushinta nake ji, don kullum ita ce ta ɗaya, ni ta biyu. Kullum fa! Muka nemi gurbin karatu a Maroko tare. Su Falmata ba su da akwatin gidan waya, sai ta rubuta lambar akwatin babana, makullin kuma a hannuna yake. Ranar da na buɗe na ga ambulan da sunanta, na farke: an ɗauke ta, ta amsa cikin sati uku, in ba haka ba a bai wa mai bi mata. Wa ke bi mata? Ni. Na cusa takardar ƙasan akwatin kayana. Duk ranar kasuwa sai ta zo ta ce, "Ƙawa, ba labari?" in dubi tsabar idonta in ce, "Shiru, sai addu'a." Sati uku ya wuce, tawa ta iso.

Jiya na gama zagayen ban kwana. Na bar gidan su Falmata ƙarshe, don ƙafata ta ƙi. Na tarar da ita a shanya tana juya tattasai, idonta ja wur, tana tari. Ta rungume ni tana guɗa. Mamanta ta yanka mini zabuwa, na ci wallahi har na suɗe hannu. Falmata ta ƙulle mini garin yaji ta ce, "In kin tafi ai ni ce na tafi. Ki yi karatun mu biyu." Da na tashi sai na faɗi abin da kowane matafiyi ke faɗa: "Ki yafe mini abin da kika sani da wanda ba ki sani ba." Ta yi dariya ta ce, "Ke kuwa me kika taɓa yi mini? Na yafe duniya da lahira." Kun san me na ji? Ba kunya ba, daɗi na ji, kamar wadda ta ci riba a kasuwa. Har na ce mata ta yi haƙuri, karatun waje ba na kowa ba ne, noma ma sana'a ce. Da bakina na faɗa! Wace irin aminiya ce ni? Yafiyar da aka sata, tana karɓuwa kuwa?

Ta rako ni bakin hanya, sai ta riƙe mayafina ta ce, "In kin isa Yamai, ki shiga ofis ɗin nan na masu ba da gurbin karatu ki tambayo mini laifin da na yi aka ƙi ni. Ke kaɗai na yarda ki gaya mini gaskiya."

Asabar motata za ta tashi. In na fito da takardar, wataƙila a mayar mata da gurbinta, ni in zauna, in rasa ta, in rasa mutuncin babana a garin nan. In na yi shiru, na tafi da komai, ita kuma tana nan tana jiran amsata. Abin da ya fi ba ni tsoro, har yanzu tafiyar nake so.

Jama'a, me zan yi?