Mai-goyo a Tagar Tela

Zuwa ga autata,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan, Ya raya mana 'yan biyu. Ni ma da sauƙi, sai gwiwa da ta hana ni sauka matakala, ga hannu yana rawa, kin dai ga yadda rubutun ya koma. A da, rubutuna malaminmu yake ɗagawa ya nuna wa aji. Yayanki ya bugo waya ranar Lahadi, minti biyu, ya ce yana tuƙi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan tsiron nan mai kaurin ganye da mahaifiyarki ta raɗa wa Mai-goyo, saboda 'ya'yan da ke fitowa zagaye da uwar. Bana uwar ta miƙo dogon kara ta yi fure, daga nan ta bushe, ashe haka halinsu yake. Ban damu sosai ba, don ta bar 'ya'ya tara. Na yi yadda marigayiya take yi: na yanko kowace da ɗan guntun karanta, na ajiye su a inuwa kwana uku bakin yankan ya bushe, na haɗa ƙasa da yashi da tsakuwa a tukwane masu huji a gindi, na ɗora su a kai. Bakwai na jera a tagata. Biyun da suka fi ƙanƙanta na ba Tela, maƙwabcin nan da tagarsa ke kallon tawa, don ya tsaya a kaina yana ta yabo.

Nawa duk sun ruɓe. Ta ƙarshen ta tafi ranar Talata, ina taɓa ta ganyen ya narke a yatsana. Na Tela kuwa, mutumin da ya dasa su a gwangwanin madara da ya huda da ƙusa, sun cika sun batse har sun fara goyo. Kullum ina hango su daga kujerata, sai da na juya kujerar.

Jiya ya shigo da dariyar nan tasa, ya tura yatsa cikin tukunya, ya ce wai duk da bokona, da ruwa na kashe su. Wai shi yakan yi sati biyu bai tuna da nasa ba, ga ɗinki, ga jikoki suna hawa kansa. Ya tambayi sau nawa nake ba su ruwa, na ce masa daidai yadda ya kamata. Ke zan faɗa miki gaskiya: safe da rana da yamma. Na san ƙa'idar, mahaifiyarki ta sha ja mini kunne kada a ba su sai ƙasa ta bushe ƙarau. To amma mutum ya tashi, ya sha magani, ya kalli bango, wa zai yi wa hidima? Sai in ɗauki buta.

Ya ce zai raba mini nasa, na ce na gode, ya bar abinsa. Tsiron matata ne, ba zan karɓe shi sadaka daga gwangwanin madara ba. Kuma na ji matarsa tana ba mutane labari wai kin kira gidansu kin gaishe su, har kin ce a tura miki hoton tagar Baba Tela. Baba! Ban ce kin yi laifi ba. Ni dai wayata tana nan a aljihu, kuma da caji.

Na tuna bayan rasuwar mahaifiyarki kin tafi da 'yar Mai-goyo ɗaya a cikin kofin shayi. Idan tana raye har ta yi goyo, ki yanko mini biyu. Amma kada ki ba direba, zai jefa su bayan mota zafi ya dafa su. Ki riƙo su a hannunki. Sai sun yi sati guda ba ruwa kafin su kama, ni kuwa kin ga ba a barina da buta. Dole wani ya zauna ya tsare ni har su yi saiwa.

Ki gaishe da maigidanki da surukarki da 'yan biyu, ki ce wa mai giɓin nan Kaka yana tambayarta. Gwaggonki ma tana gaishe ki. Na wanke tukwanen bakwai na kife su. Ɗakinki ma na share, da kaina, a kwana biyu.

Mahaifinki