Ɗingishin Amaryata

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan sai godiya. Ƙafar tawa tana taɓa ni, amma har yanzu da kaina nake zuwa masallaci. Gwaggonki ta warke daga zazzaɓin, ta koma faɗanta. Tela maƙwabcinmu ne yake rubuta mini wannan, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana. Da gangan na ƙi kiran waya, don na san halinki. Ina fara magana sai ki cika ni da to Baba, to Baba, ki ce abinci zai ƙone. Takarda kuwa ba a katse ta. Ki karanta, ki miƙa wa maigidanki.

Yayanki yana kwance a asibiti. Ya hana a gaya miki, ni kuwa ban taɓa karɓar umarni daga ɗan da na haifa ba. Faɗuwa ya yi a gareji yana ɗaga taya, aikin da ya yi rabin rayuwarsa yana yi. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ba ya iya kwanciya sai an jera masa matasai a baya, daga gado zuwa bayi kuwa sai ya dafa bango ya huta. An ce wata 'yar ƙofa ce a cikin zuciyarsa ta lalace, ba ta rufuwa, aikin gyaranta kuma ba a yin sa a nan.

Likitar mace ce, ba ta kai ki shekaru ba. Ta tambaye shi ko ya yi yawan ciwon maƙogwaro yana yaro, ya ce bai sani ba. Ina zai sani? Ni ne na sani. Amma sai da na yi mata gardama tukuna. Na ce ina ruwan maƙogwaro da zuciya, ciwon da ya zo ya wuce tun bai fara gemu ba. Ba ta yi fushi ba. Sai ta tambaye ni ko bayan maƙogwaron gwiwarsa ta taɓa kumbura, yau ta dama, jibi ta saki ta koma ta hagu ko idon sawu. Auta, sai da na nemi kujera. Kamar tana tsaye a ɗakin nan da muka yi haya a bakin kwata, mai bangon da ba ya bushewa, yara huɗu a tabarma ɗaya, in ɗaya ya yi tari kowa ya ɗauka. Ke kina goye a lokacin. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta yi ta gasa masa da ruwan zafi. Maƙwabta suka ce girma ne, ƙashi ke miƙewa. Ya tashi ya koma ƙwallonsa, muka ce ya warke. Likitar ta ce tun lokacin abin ya taɓa zuciyar, ya yi shiru yana ci a hankali, kuma da an yi maganin maƙogwaron da wuri, da wataƙila ba a kai ga haka ba.

To ga abin da ya hana ni cin abinci. Ranar da kika kira gwaggonki ina zaune ina jin ku. Kika ce amaryata, babbar 'yarki, maƙogwaro ya sake kama ta, har tana ɗingishi, amma maigidanki ya ce girma ne, tsalle-tsalle ya yi mata yawa. Kuka yi dariya. Wannan kalmar ce aka faɗa mana a kan yayanki, ba a sauya ko harafi ba. Ni ban yi makaranta ba, maigidanki ya yi, ban kuma ce ya yi ƙarya ba. Likitar ma ta ce ba kowane ciwon maƙogwaro ke kaiwa nan ba, sai an duba. To a duba mana! Ba wurin mai shagon magani na bakin titinku ba, asibiti nake nufi. Ki ba su labarin kawunta daga farko har ƙarshe, ki ce su saurari ƙirjinta. Kada ki jira hutun makaranta, kada ki jira ɗingishin ya tafi, don tafiyar tasa ita ta yaudare mu.

In maigidanki ya ga na shiga masa gida, ya yi haƙuri, na shiga. In kuma na ji shiru, zan hau mota da wannan ƙafar in zo in kai ta da kaina. Kin san ni.

Gwaggonki tana gaishe ku, haka matar yayanki, wadda ke jinya ko runtsawa ba ta yi. Ki gaishe mini da surukarki da ƙananan yaran. Ita kuma amaryata, ki ce mata angonta ya ce ba ya son amarya mai ɗingishi, nasa ma ya ishe shi. Shi yayanki, da na ce masa zan rubuto miki sai ya hau faɗa. Da na gaya masa zancen yarinyar sai ya bar faɗan. Ya daɗe yana tattaro numfashi, sannan ya ce in ce miki ki kai ta gobe.

Allah ya tsare ku.

Ni ne mahaifinki,
Baba