Ranar da Kaka Ta Faɗi Sunan Baba

Asabar, 6 ga Agusta, 2016

Yau Kaka ta kira Baba da sunansa. Gaban kowa. "Namadi, taho ka ci tuwo." Ɗan farinta ne fa! Tun da na yi wayo "wancan" take ce masa, ko maƙwabcinmu mai sunan sai dai ta ce "mai sunan wancan". Ludayi ya suɓuce wa Inna. Baba ya sunkuyar da kai ya fita.

Na koma ga littafin soyayyar da Ladi ta ara mini, layi ɗaya nake ta maimaitawa.

Talata, 9 ga Agusta

Inna ta ce tsufa ne kawai. To Baba Manu na bayan gidanmu ya girmi Kaka nesa. Yakan manta inda ya ajiye takalmi, amma bai taɓa zuba gishiri a kunu kamar yadda ta yi ba. Ni dai ban iya musu.

Alhamis, 11 ga Agusta

Kaka ta tambaye ni, "Ke ɗiyar wa ce?" Na yi dariya don ta zama wasa. Ba ta yi ba.

Litinin, 15 ga Agusta

Baba ya kai ta asibiti nan Anka, ni na riƙe ta a bayan babur. Na ɗauka gubar dalma ce irin wadda ta kama yaran ƙauyen Yargalma. Likita ya ce a'a. Wai ƙwaƙwalwa tana tsufa kamar gwiwa, ta yi nauyi amma tana aiki. Wannan kuwa ciwo ne mai cin ta a hankali, tsufa ƙofa kawai yake buɗe masa. Baba ya ce, "Za ta dawo daidai?" Likita ya daɗe yana gyara hularsa.

To in kunyar shekaru hamsin ta tafi, ni da na zo jiya fa?

Juma'a, 26 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ba ta gane ni ba.

Lahadi, 4 ga Satumba

Ladi ta aiko a karɓi littafinta, ban ma san ko masoyan da ke ciki sun yi aure ba a ƙarshe.

Baba yanzu in ya dawo gona sai ya tsaya ƙofar ɗakin Kaka, wai yana kakkaɓe laka. Yau ya daɗe yana kakkaɓewa, har ta ce, "Namadi, kai ne?"

"Na'am, Inna."

Ni ta ce mini "yarinyar nan mai taje mini kai". Na amsa. Ba wai na saba ba ne. Matajin dai yana hannuna.