Akuyar Gwajin Shinge

Dakoro, 4 ga Maris

Zuwa ga ɗiyata Hamdiya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lahiya a Yamai. Mu nan lau, bisashe ma lau. Abu guda ya hana ni sakewa. Ranar kasuwa maƙwabcinmu Salihu ya ce aikinki shi ne kutsawa cikin na'urorin mutane. Hamdiya, lakwal na kai ki karatun boko ko wurin koyon sata? In gaskiya ne, tattaro kayanki ki dawo gida.

Mahaifinki, Elhaji Sa'adu

Yamai, 11 ga Maris

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa, a gaida Inna. Ka tuna in ka yi sabon shinge kakan saka jar akuyar nan mai taurin kai, ka zauna ka ga ta inda za ta ɓulle, sannan ka toshe? To, ni ce akuyar. Banki ko kamfani ke kirana, su sa hannu a takardar izini, in nemo musu kafa a na'urorinsu kafin ɓarawo ya gano ta. In ba takarda, ba na taɓa komai. Ina jin daɗin aikin nan ƙwarai, don Allah kada ka raba ni da shi.

Ɗiyarka, Hamdiya

Dakoro, 20 ga Maris

Hamdiya,

Gaisuwa mai yawa. Na ji. Tunda kin iya, ga aiki. Abokina Rhissa yana cinikin wani raƙumi da raina ke so, ya ƙi faɗa mini wurin wa. Leƙa talhonsa, wato wayarsa ta hannu, ki gaya mini. Ba mai ji, kuma ni ubanki na sa ki.

Mahaifinki

Yamai, 29 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Kwana uku ina juya takardarka. Ban taɓa ce maka a'a ba. Amma talhon na Baba Rhissa ne, shi kaɗai zai iya ba ni izini. Ba zan leƙa ba. In ka ce in dawo, zan dawo. Ka yafe mini.

Ɗiyarka mai biyayya, Hamdiya

Dakoro, 6 ga Afrilu

Ɗiyata,

Rhissa na gefena, ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Babu wani raƙumi, tare muka shirya. Ni ma akuyata na saki a shingenki, ta zagaya ba ta sami kafa ba. Zauna ki yi aikinki, Allah ya yi miki albarka.

Ya ce in kin zo Salla ki duba masa talhon. Ga yatsansa ya dangwala a ƙasa, izininsa ke nan.

Mahaifinki, Elhaji Sa'adu