Ƙafar Da Ba Ta Jin Birki

Zuwa ga Alhaji, jagoran masu shagunan magani na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, ni ne Bello mai Keke Napep, wanda ke jigila tsakanin Bodinga da Sifawa. Ba faɗa na zo yi ba, ƙarfin faɗan ma babu.

Na farko. Bara, lokacin kwasar albasa, na ɗaga buhu sai bayana ya riƙe. Ciwon ya riƙa saukowa daga ƙugu zuwa ƙafar dama kamar an zuba mini ruwan zafi. Wani ɗan ƙungiyarku, wanda ba zan ambaci sunansa ba don muna sallah sahu ɗaya, ya yi mini abin da muke kira allurar ƙashi. Washegari na fita aiki. Daga nan duk ranar kasuwa sai na je, ya yi, na tafi. Bai taɓa tambayata yadda ƙafar take ba, ni ma ban faɗa ba.

Na biyu. Da damina ta faɗi ciwon ya ɗauke gaba ɗaya. Maiɗakina ta toya mana masa muka yi sadaka, maƙwabta suka zo barka. Kumatuna sun ciko, ana ta zolayata wai keke ta karɓe ni. Ashe ƙafar ce ta daina ji. Na gane haka ranar da na ɗauko mata da 'ya'yansu, akuya ta gitta, na taka birki ban san ko na taka ba. Allah ya tsare, kan shinge muka tsaya.

Na uku. Likita a Sakkwato ya ce wani faifai ne tsakanin ƙasusuwan bayana ya zame ya danne jijiya. Allurar, sitiroyid ce. Tana rage kumburi amma ba ta ɗage abin da ya danne, kuma ba a yin ta barkatai. Ya ce da na zo tun ina jin zafin, da magana ta fi sauƙi. Yanzu aiki za a yi, bai kuma yi alkawarin ƙafar za ta dawo ba. Na saurare shi, ban ji komai a raina ba. Har yau haka nake.

Roƙona biyu ne, ranka ya daɗe. Ku sa 'yan ƙungiyarku su riƙa tura mai irin ciwona asibiti tun allurar farko. Sannan a ce wa mutumin nan ya daina kafa shaida da ni. Manoma na zuwa masa daga Shagari da Horo Birni, yana nuna musu ƙofar gidana yana cewa, "Ku tambayi Bello, shi na shaida." Suna tambayata ko ina jin ciwo, in ce a'a, don ba na ji. Kafin in ƙarasa bayani sun juya sun nufi shagon.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar ka da ƙafafunka.

Wassalam.
Bello mai keke, Bodinga.