Na lulluɓe kwamfutar ƙungiya da jiƙaƙƙen buhu, yau ana kiran abokina ɓarawo

Assalamu alaikum admin da jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin babu zagin da zai yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba. Shawara nake nema, kuma kafin Asabar nake bukatarta.

Ni mutumin Argungu ne, shekarata talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya biyu. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoman shinkafa, shugaban ƙungiyar kuwa surukina ne, mahaifin matata, zan kira shi Alhaji. Shi ya tsaya kai da fata aka ba ni wannan kujera alhali akwai waɗanda suka girme ni suna so, hujjarsa ita ce na yi difloma, na san kwamfuta. Gaskiyar magana, sanin da na yi wa kwamfuta bai wuce in buga takarda in fitar ba, amma da yake an ɗora mini rawanin sai na yi shiru na ci gaba da amsa sunan. Muna da kwamfuta guda ɗaya tilo, irin ta tebur mai akwati a ƙasa, wani shirin tallafi ne ya ba mu. A cikinta sunayen mutanenmu suke, da girman gonar kowa, da wanda layi ya zo kansa a rabon iri da injin ban ruwa. Mai duba mana ita abokina ne tun muna makaranta, zan kira shi Ishaya, Kirista ne ɗan Filato, yana da ɗan shagon gyaran kwamfuta a Nassarawa cikin Birnin Kebbi. Ni na kawo shi ƙungiyar. In dare ya yi mini a Birni a gidansa nake kwana, matarsa ta san ba na cin yaji da yawa, ta kuma san inda take ajiye mini tabarmar salla.

A bazarar bana abin ya fara. Wanda ya san zafin Argungu ba sai na yi masa bayani ba, ga ofishinmu rufin kwano ne babu silin. Wata rana ina cikin aiki sai allon ya koma shuɗi, wasu fararen rubutu suka fito da wata 'yar fuska mai ɓacin rai, ta mutu ta sake tashi da kanta. Na kira Ishaya, ya ce, "Sakatare, zafi ne. Ka janye ta daga jikin bango, ka sa mata fanka, ka riƙa barin ta tana hutawa." Maganar da ya yi ke nan, bai ƙara ko harafi ba. Amma ni da yake na fi kowa wayo, sai na dubi jarkar ruwanmu da ke bakin ƙofa, wadda muke naɗe wa buhun algarara mu jiƙa shi ruwan ya yi sanyi kamar na randa. Na ce ashe ga magani a kusa. Na samo buhu, na tsoma a ruwa, na ɗan matse, na lulluɓe akwatin kwamfutar da shi. Kwana biyu ina yi, kuma wallahi ta daina mutuwa, har ina jin kaina wani injiniya. A rana ta uku ina sauri ban matse buhun da kyau ba. Sai na ji wata 'yar ƙara, na ji ƙauri, komai ya ɗauke. Da na ɗaga buhun, ruwa ne ke ɗiga ta ramukan saman akwatin.

Me ya hana ni kiran Ishaya a wannan lokacin? Har yau tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Kunya ce. Ta yaya zan buɗe baki in ce ni mai difloma na shayar da kwamfuta ruwa? Sai na tuna yadda muke yi in wayar mutum ta faɗa ruwa a fadama, a tura ta cikin shinkafa ta tsotse danshin. Na kulle ofis, na kwance murfin gefe, na kai akwatin sito na binne shi cikin buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, na ce wa Alhaji babu wuta. Bayan kwana uku na ciro, na zazzage, na hure da bakina, na mayar da murfi. Da na danna ta kama. Na yi hamdala, na ce asirina ya rufu.

Ashe ranar na shiga rami. Tun daga nan ba ta sake yin awa guda lafiya ba. Ina tsakiyar shigar da sunan mutum, shuɗi. Ina shirin fitar da takarda, shuɗi. Wani lokaci ko gama tashi ba ta yi sai ta sake faɗuwa, kuma kullum rubutun da ke ƙasa daban ne da na jiya. Ishaya ya ce in riƙa ɗaukar hoton allon ina tura masa, wayata ta cika da hotunan shuɗin allo har sun fi na 'ya'yana yawa. Zuwansa na farko ya ce ko bairos ce, wato cutar kwamfuta, ya kwashe mana takardunmu a filash, ɗan abin ajiyar nan da ake soka mata, ya wanke ta tas ya sake zuba mata komai. Kafin motarsa ta kai Birni kwamfutar ta sake mutuwa. Zuwa na biyu ya canza wani ɗan siririn faranti na cikinta da suke kira ram, ya canza akwatin da ke raba mata wuta, duka daga shagonsa ya kawo don a gwada, ya ce mu daina haɗa ta da janareta kai tsaye. Yana aiki gumi na zuba, yana tambayata, "Sakatare, ka tabbata ba abin da ya same ta? Ba ta faɗi ba? Ba wanda ya buɗe ta?" Ni kuma ina tsaye a kansa ina riƙe masa fitilar waya ina cewa babu. Ina kallon mutum yana neman abin da ke cikin bakina, na bar shi yana ta nema.

Ana cikin haka ranar rabon iri ta zo. Mutanenmu na Augie suka yi sammako suka cika mota, suka zauna a rana tun hantsi har la'asar, kwamfuta ta ƙi tsayawa ko na minti goma in fitar da layi. Haka suka koma hannu rabbana suna maganganu. Ran Alhaji ya ɓaci ƙwarai. Ishaya ya ce a bar shi ya tafi da ita shago ya kwance ta gaba ɗaya, aka yarda. Ta yi kwana huɗu a wurinsa. Ranar da ya dawo da ita ya ja ni bayan ofis inda babu kowa, ya ce a hankali, "Wannan mashin ya sha ruwa. Ƙarƙashin bod ɗin duk tsatsa ce, har ta yi kore. Kuma na ga shinkafa." Bod shi ne babban farantin da komai ke liƙe a jikinsa. Na faɗa masa komai. Na zaci zai yi faɗa, sai ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce, "Jiƙaƙƙen buhu? Kai, Sakatare, ita jarka ce?" Na roƙe shi don Allah don zumuncinmu kada Alhaji ya ji. Ya ce ba komai, zai ce bod ne ya lalace sai an sa wani, kuma ba ƙarya ya yi ba. Haka ya faɗa wa Alhaji, ya hau mota ya tafi.

Kwana biyu bayan haka kwamiti ya zauna. Wani dattijo daga cikin waɗanda suka so kujerata ya ce shi bai gane ba, na'urar da ba ta shekara biyu ba ta yaya cikinta zai ruɓe? Ya ce, "Mutumin ga ya tahi da ita kwana huɗu, wa yas san abin da yac cire? Ai haka su kai, su ɗebe mai kyau su sa maka matacce." Wuri ya ɗauki gunaguni. Alhaji ya juyo ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Kai ka zama da ita. Hwaɗa muna gaskiya, akwai abin da yas same ta hannunka? Ko ruwa, ko hwaɗuwa?" Jama'a, ga ƙofa Allah Ya buɗe mini, kalma biyu kawai zan faɗa. Amma na dubi idon surukina, na dubi dattijon nan da ke jiran in yi tuntuɓe, sai na ji bakina yana cewa, "Wallahi Baba ba abin da yas same ta, ko ruwan sha ban kai kusa da ita." Da ma a nan na tsaya. Sai da na ƙara da cewa, "Ni dai kahin ya tahi da ita Birni ba ta kai haka ba." Alhaji ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Kun dai ji. Yaron ga ba shi ƙarya, in da shina yi da ban ba shi ɗiyata ba."

Wannan maganar tawa ita ta kashe Ishaya. Cikin mako guda ta zaga gari. Wata makaranta mai zaman kanta da yake duba wa kwamfutoci a nan Argungu ta ce ya dakata, wani mai shagon buga takardu ya je har Birni ya karɓo injinsa ba a gama gyara ba. Mutumin da ya shekara goma sha yana gina sunansa a garin da ba nasa ba, wanda ake ba shi makullin ofis ya shiga shi kaɗai, yau an ce masa mai cire kayan ciki. Ni kuwa kullum sai in zo ofis in zauna gaban wannan akwati, in kunna, in jira shuɗin ya fito. Na bi duk wani bayani da na samu a waya, na goge ram da tsumma, na cire wannan waya na mayar da waccan, wai ko za ta warke maganar ta mutu. Ta yaya za ta warke? Na san ciwonta, ni na sa mata shi. A gida matata tana zuba mini abinci tana cewa Allah Ya isa tsakaninmu da wannan Ishaya da ya ci amanar mijinta.

Shekaranjiya na kasa daurewa na hau mota zuwa Nassarawa. Na tarar da shi a shago shi kaɗai, teburin da a da ba ka ganin katakonsa saboda kaya yau fayau. Matarsa ta leƙo daga ciki, ta gaishe ni a taƙaice, ba ta kawo ruwa ba, kuma ban ga laifinta ba. Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "An faɗa mini abin da ka ce a mitin, har da wallahi." Na ce to me ya hana shi tona ni? Ya ce, "Ni baƙo ne a nan. In na tsaya gaban dattawa na ce surukin Alhaji ya rantse a kan ƙarya, wa zai yarda da ni? In ma sun yarda, na rushe maka gida, ni kuma na ci abinci a gidan naka. Ba bakina ne zai faɗa ba, naka ne." Sai ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wata 'yar takarda a naɗe ya sa mini a hannu. Na buɗe, ƙwayoyin shanshera ne guda bakwai, biyu sun yi baƙi. Ya ce, "Su ke nan shaidata, ban ajiye ko hoto ba. Kayanka ne, ka tafi da su."

Yanzu ga inda nake. Alhaji ya kira wani mai gyara daga Sakkwato, ranar Asabar zai buɗe kwamfutar a gaban kwamiti, an kuma aika wa Ishaya ya zo. Mutumin zai ga ram da akwatin wuta ba na asali ba ne, domin Ishaya ya canza su da hannunsa yana ƙoƙarin taimaka mini, zai ga tsatsa a ce a shagonsa ta same ta. Alhaji ya ce in ta tabbata, daga nan sai wurin 'yan sanda. In na yi shiru, abokina zai tafi da sunan ɓarawo a kan buhun da ni na jiƙa. In na yi magana, na tsinka surukina a gaban mutanen da ya buga wa sanda saboda ni, kujerar ta tafi, kuma ban san da wane ido zan sake shiga gidansa ko in dubi 'yarsa ba. Ga rantsuwar da na yi tana nan a wuyana, duk sallar da na tayar sai ta faɗo mini a rai. Na yi tunanin in sami Alhaji shi kaɗai kafin ranar, sau biyu ina zuwa ƙofar gidansa ina gaishe shi in dawo. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya ranar Asabar, amma Ishaya zai zo, kuma na san ko an kai shi ina ba zai ambaci sunana ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Takardar tana cikin aljihun rigata yanzu haka da nake rubutun nan, na kasa zubarwa, na kasa nuna wa kowa. Saura kwana uku. Don girman Allah, me zan yi?